DAREN DA BA A KAMA KOME BA

Wataƙila da ka ji wannan 'yar takarda tana zancen teku ka yi dariya, ka ce, "Mu da muke Damagaram, ina ruwanmu da teku? Mu da ruwan sha ma sai mun bi layi?" Gaskiyarka. Ƙasarmu ƙasar rairayi ce da duwatsu. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai a 1926. In tsuntsu ya tashi daga ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita, ya miƙe kudu, sai ya ci wajen kilomita 1,000 kafin ya ga ruwan gishiri.

Amma ka ƙirga gidajen garinku. Gida nawa ne ba su da ɗa a kurmi? Da an gama girbi, an zuba gero a rumbu, sai samari su ɗauki jaka su nufi tasha. Waɗansu su bi ta Daura su shiga Kano, daga can sai Ikko. Waɗansu suna Kwatano, waɗansu Lome, waɗansu Ankara ta ƙasar Gana. Dukan biranen nan huɗu a bakin teku suke. Yawancin 'ya'yanmu dako suke yi a can, ko gadi, ko sayar da shayi, ko gyaran takalmi. To, wanda aiki ya yanke masa fa? Ga teku a gabansa, ga mutane suna fitowa da kifi, ba shinge, ba mai gona. Ba wuya ya sayi ƙugiya da zare ya bi su, ko ya je ya sa hannu a igiyar taru don a ba shi na miya.

Saboda haka takardan nan ta mutum biyu ce: wanda yake tsaye a bakin teku da dare, da wanda yake gida yana jiran aike. In an gama cin tuwo, ka tara iyalinka ka karanta musu.

TAFKI DABAN, TEKU DABAN

Ba a ce mutanen ƙasarmu ba su san su ba. In ka kama hanyar Gure daga Zinder za ka tarar da tafkin Gidimuni, da lambunansa da rake da dabino. Ga Lasuri, ga tafkunan kwarin Korama, a ƙasar Maradi kuma ga Madarumfa. Ana kama tarwaɗa da gargaza, ana tono gaiwa daga busasshen laka. Mun san birgi, mun san kalli da mamari da gura. Iyayenmu da yawa sun je har Tafkin Chadi, suka yi banda suka kawo kasuwa. A shekarun 1960 faɗin tafkin nan ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ya janye, har abin da ya rage a lokacin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Daga 2015 kuma tashin hankali ya kori masunta da yawa daga tsibiransa.

Yaron da ya taso yana iyo bisa gora a tafki yakan ɗauka ya san ruwa. Nan hatsarin yake. Tafki a kwance yake. In ka bar takalminka a bakinsa da magariba, da asuba za ka same shi. Teku ba ta kwanciya. Sau biyu cikin yini da kwana takan cika ta hau tudu, sau biyu kuma ta janye. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, don haka kowace rana lokacin yakan ƙara jinkiri da wajen minti 50. Wata ne yake janta, bisa ga tsarin da Mahalicci ya yi. In wata ya cika, ko in ya ɓace gab da tsayuwar sabo, cikar takan fi girma. A gaɓar Kwatano da Lome da Ikko tashin ruwan wajen mita ɗaya ne, ko ya ɗan ɗara, amma wannan ya isa. Mutum ya shimfiɗa tabarma a busasshen yashi da ƙarfe goma na dare, ƙarfe biyu ruwa ya tashe shi, ya tafi masa da jaka da waya.

Ruwan kuma ba ya shawuwa. Cikin kowace lita akwai gishiri wajen giram 35, wato ƙaramin cokali shida. Wanda ya sha, ƙishi zai ƙaru masa, gama jiki sai ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ya fid da gishirin. Mai kwana a bakin teku, ga ruwa iyakar ganinsa, amma dole ya zo da gorarsa daga gida.

Abin da ya fi kashe baƙi shi ne wannan. Raƙuman ruwa suna ta turo ruwa bisa yashi, ruwan nan kuwa dole ya koma. Sai ya yanka wa kansa hanya, kamar yadda ruwan sama yakan yanka kwazazzabo a gona, ya riƙa gudu zuwa cikin teku. Abin mamaki, wurin nan shi ya fi kama da wurin lafiya, gama raƙuman ba su cika fashewa a kansa ba. Baƙo ya duba ya ce, "Ga inda ruwa ya kwanta," ya shiga. Wani lokaci gudun ruwan ya fi na gwanin iyo. Wanda ya ja, kada ya yi kokawa ya ce sai ya koma ta inda ya shiga, ƙarfinsa zai ƙare. Ya saki jiki ya taso, ya ɗaga hannu ya yi kira, ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, gama ba ta cika faɗi ba. Da rana ke nan. Da dare ba ka ganinta, ba kuma mai ganin hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai.

YADDA AKE KWANA A GAƁA

To, me ya sa sai da dare? Domin da duhu manyan kifaye sukan matso kusa da tudu. Raƙuman ruwa suna tono ƙaguwa da tsutsa da ƙananan kifaye daga yashi, manya kuma su zo farauta. Masana aikin sun fi son sa'ad da ruwa yake cikowa, da kuma gab da asuba.

Kayan aikin ba su da yawa. Mai hali yana da doguwar sanda. Marar hali ya naɗe zaren roba a jikin kwalba ko gwangwani, ya ɗaura ƙugiya biyu ko uku, da dalma mai nauyi a ƙarshe don ruwa kada ya dawo masa da ita. Ya soka jatan lande ko yankan kifi, ya wulwula ya jefa bayan inda raƙuman suke fashewa. Daga nan sai jira, zare a yatsa. Ba a haska fitila a kan ruwa, kifi yakan gudu. Sauro yana cizo, raɓa tana sauka, iska mai gishiri tana shiga ƙashi, rurin teku kuma ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido. Wanda ya saba da shirun daren ƙauye, rurin nan kaɗai ya isa ya raunana masa zuciya.

Kifin ma baƙo ne. Wanda ake kira kafiten a can ba giwan ruwanmu ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Akwai barakuda, dogo mai haƙora irin na tsage, ba a sa masa yatsa a baki ko ya yi kamar ya mutu. Akwai mai gashin baki da ƙaya irin na kurungu, ƙayarsa da dafi. Akwai wani mai faɗi kamar faifai, yakan kwanta cikin yashi, da tsinke mai dafi a wutsiya. Wanda ɗayansu ya soka, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, sa'an nan a kai shi likita. Kada a tsaya ɗaure-ɗaure da tofi.

Waɗansu sukan hau manyan duwatsun da aka jera a bakin tashar jiragen ruwa, don can ruwa ya fi zurfi. Dutsen da ka ga yana jiƙe, ruwa ya hau shi ɗazu, zai kuwa sake hawa. Tsofaffin masunta ba sa juya wa teku baya, ba sa barin zare ya naɗe musu ƙafa, ba sa tafiya su kaɗai. Ka tuna Ubangiji ma biyu biyu ya aiki almajiransa (Markus 6:7). Akwai kuma abin da za a miƙo maka cikin ƙaramin kofi, a ce maganin sanyi ne. A Benin da Togo sodabi ake ce masa, a Najeriya ogogoro. Ba ya maganin sanyi. Ƙafa yake kashewa, ya ƙara wa mutum ƙarfin halin banza, a bisa dutse mai santsi.

Ban da masu ƙugiya akwai masu babban taru. Mutanen Ewe na wajen Keta a ƙasar Gana sun shahara da shi, sun kuma bazu da shi har Togo da Benin. Jirgi yakan fita da tarun ya zagayo, a bar igiya biyu a tudu. Sai mutane da yawa su jeru a kowace igiya, suna ja suna waƙa, awa da awa, har jakar tarun ta fito bisa yashi. Masu taru su ɗauki rabonsu, 'yan ƙungiya su ɗauki nasu, wanda ya taya ja a ba shi ɗan abin da ya samu. Wata rana tarun ya fito da kifi. Wata rana ya fito da ledoji da ciyawar ruwa. Kifi ya ragu a tekun nan, manyan jiragen kamfani sun kwashe, mutane kuma sun yi yawa. Abin ya kai har a 2019 gwamnatin Gana ta hana masu ƙananan jirage fita su har wata guda, don kifi ya sami hayayyafa. Ashe kwana a gaɓa a tashi hannu wofi ba baƙon abu ba ne. Ya faru da waɗanda aka haifa cikin sana'ar, balle ɗan Damagaram da ya zo jiya.

SU MA SUN KWANA

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan dare ba. Sau biyu ya nuna mana Bitrus cikinsa.

Ruwan da Bitrus yake su ana ce da shi Tekun Galili, amma tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa 13. Akwai gargaza a ciki, akwai tarwaɗa irin tamu. A 1986 da fari ya sa ruwan ya janye, aka tono wani jirgin katako na zamanin nan cikin laka, tsawonsa mita 8 da 'yan kai. Masunta na can ma sun san tarun da ake ja zuwa gaɓa, har Yesu ya yi misali da shi a Matiyu 13:47-50, inda ake zama a tsince masu kyau a zubar da munana. Tarwaɗar da kake marmari tana cikin waɗanda Bayahude zai zubar, gama Shari'ar Musa ta hana cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki. In ɗanka ya taɓa jan taru a Lome, ya ga misalin nan da idonsa fiye da mu duka.

Ka buɗe Luka 5:1-11. Gari ya waye, Siman Bitrus da abokansa suna wankin taruna. Wankin tarun da bai kama kome ba aiki ne mai ɗaci, gama ciyawa da laka ba su san ka yi hasara ba. Yesu ya shiga jirginsa ya koya wa taro, sa'an nan ya umarce shi ya matsa zuwa zurfi ya saki taru. Ga masunci wannan magana ba ta kan hanya. Da dare ake yi, lokacin da kifi ba ya ganin zare. Mai maganar kuma a gidan masassaƙi ya girma. Ka lura da abin da Bitrus ya yi. Bai yi fahariya ba, bai ce sun ɗan samu ba. Ya faɗa a gaban jama'a cewa dare ya tafi a banza, sa'an nan ya yi biyayya saboda wanda ya yi maganar. Kifi ya cika jirgi biyu har suna shirin nutsewa. Bitrus kuwa bai tsaya ƙirga riba ba. Ya fāɗi a gaban Yesu yana shaida shi mai zunubi ne.

Dare na biyu yana cikin Yahaya 21, shi ne kuma ya fi kama da namu. An riga an gicciye Yesu, ya kuma tashi daga matattu. Bitrus yana ɗauke da kunya, gama a daren da aka kama Ubangijinsa ya yi musun saninsa sau uku, yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Sai ya koma su, mutum shida suka bi shi. Suka kwana, ba ko ɗaya.

Da gari ya fara wayewa, ga wani tsaye a gaɓa, tsakaninsu da shi wajen mita 90. Ya tambaye su ko sun sami abin ci. Ɗan'uwa, ka san nauyin wannan tambaya a kunnen mutumin da ya kwana yana wahala. Ita ce tambayar da take zuwa ta waya daga gida. Mutum bakwai, waɗansunsu gwanayen ruwa tun suna yara, suka amsa da gaskiya cewa babu. Ba su ce iska ce ba, ba su ce an yi musu baki ba. Bayan wannan amsa ne ya nuna musu inda za su jefa, suka jawo manyan kifaye 153, tarun kuwa bai tsage ba.

Amma ga abin da mutane sukan tsallake. Da suka fito tudu, sai suka tarar da wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa. Kafin su jawo nasu, nasa ya riga ya gasu. Abincin safen nan ba ladan kamu ba ne. Da tarun ya sake fitowa wofi, da sun ci. A bakin wutar nan kuma, bayan an ƙoshi, Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da yawan musun da ya yi, ya kuma mai da shi bakin aiki. A wutar gawayi ya fāɗi, a wutar gawayi aka tashe shi.

Haka Mai Ceto yake karɓar mutum. Ba ya jira sai ka zo da abin hannu. Ya riga ya biya bashin zunubinka da jininsa a kan gicciye tun kana cikin duhu. Abin da yake nema gare ka shi ne amsar nan ta gaskiya: ba ni da kome, ni mai zunubi ne. In ba ka taɓa faɗa masa haka ba, ko kana gaɓar teku ko kana bisa tabarmarka a ƙauye, yana ji.

ABIN DA KUNYA TAKE SA MUTUM

Ba yunwa ce ta fi hallaka ɗan cin rani ba. Kunya ce. Dare ɗaya wofi, ya jure. Dare biyar, ga kuɗin ɗaki, ga bashin mai shinkafa, ga saƙo daga gida, sai ya fara neman gajeriyar hanya.

Ya ƙara taku biyu cikin ruwa don jifarsa ta yi nisa, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ya hau dutsen da masu gari suka ƙi hawa. Ya fita a daren da kowa ya ga teku ta yi fushi ya zauna gida. A gaɓar Gana masunta da yawa ba sa fita ran Talata tun kaka da kakanni, mutumin da ya ɗauki teku gonarsa ke nan yana hutawa. Amma mai kunya ba ya hutu, har ranar Ubangiji yakan haɗa.

Wani kuma a ce masa akwai mai ruwa, Mami Wata, sai an ba ta turare ko farar kaza. Ko a kai shi wurin mai magani a ɗaura masa laya a sanda. Ka yi tunani. Wanda ya yi teku, ya sa mata yashi ya zama iyaka (Irmiya 5:22), shi kake kira Uba kowace safiya. Za ka bar mai gida ka je kana roƙon abin da ba shi da iko ko da kifi ɗaya? Kuɗin kazar ma bashi ne. Mai bi ba ya zagin maƙwabcinsa a kan abin da yake yi, amma ba ya sa hannu.

Wani ya shiga cikin masu zuba guba a ruwa, ko masu jefa nakiya, ko masu tace ruwa da gidan sauro su kwashe har 'ya'yan kifi. Hukuma ta hana, ko ba ta hana ba ma sata ce. Ana satar abincin baɗi, ana sayar wa matar wani kifi mai guba ta dafa wa 'ya'yanta. Mu manoma ne, mun san sunan mutumin da ya cinye iri.

Ta ƙarshe ita ce ƙarya. "Lafiya lau, aiki yana tafiya, wata mai zuwa zan aiko." Ya ranci kuɗi ya aika don a ce ya aiko. Ya ari rigar wani ya ɗauki hoto. In abin ya ƙi, sai ya kashe waya. Shekara ɗaya, shekara uku, ba labari. Yaro yana da rai, kunya ce ta binne shi. Saurayi, in kai ne, ka dubi mutum bakwai ɗin nan. Manzanni ne, a kansu aka kafa ikkilisiya, ga shi kuwa an rubuta darensu na wofi duk duniya tana karantawa. Kwanan banza ba la'ana ba ne, ba kuma shaida ce Allah ya juya maka baya ba. Ba a yi maka alkawarin kifi 153 gobe da safe ba, kada wani mai wa'azi ya ruɗe ka ya karɓe ɗan abin da ya rage maka. Bulus manzo ne, duk da haka jirginsa ya farfashe a Bahar Rum bayan kwana 14 cikin hadiri, kaya duka suka tafi, mutum 276 suka fita da rayukansu kaɗai. Abin da aka yi maka alkawari shi ne Ubangiji ba zai rabu da kai ba. Ka kira gida ka faɗi gaskiya.

GARE KU, MUTANEN GIDA

Yanzu kai uba, ke uwa, ke matar aure, maganar ta zo kanku. Yaro ba ya shiga ruwa har ƙugu da tsakar dare don yana son kifi. Sau da yawa muryarku yake ji a kunnensa. "Ɗan wane ya aiko da kuɗin kwano. Ɗan wance ya sayi babur. Kai fa?" Kun faɗa kun manta, kun kwanta barci. Shi bai manta ba.

Ba a ce ba ku da bukata ba. Rumbu yakan ƙare tun kafin ruwa ya sauka, ga kuɗin magani, ga na makaranta. Daidai ne ɗa ya taimaki iyayensa, Littafi ma ya umarta. Amma in aka sa aike a gaba da ran mai aikowa, an yi ciniki marar riba. In teku ta ɗauki mutum, wani lokaci ko gawa ba a samu. In an samu, a can za a binne shi, ku ji ta waya.

Ku koyi tsarin da Ubangiji ya bi a gaɓa. Wuta tukuna, abinci tukuna, sa'an nan magana. In ya kira, kafin zancen kuɗi ku tambaye shi ko ya ci abinci, da wa yake kwana, ina yake sujada. In ya ce yana zuwa bakin teku da dare, ku tambaye shi da wa yake zuwa, ko mutumin ɗan gari ne da ya san ruwan. In ya ce wannan wata babu, kada ku yi tsaki, kada ku yi shirun nan da ya fi zagi ciwo. Ku ce, "Mun gode da ka faɗa mana. Bari mu yi addu'a." Ku yi ta nan take a wayar, ko ta minti ɗaya ce. Ku kuma faɗa masa a fili, ba da habaici ba, cewa in ya dawo da rigar jikinsa kaɗai, tabarmarsa tana nan, fartanyarsa tana nan. Kada ku ce ai ya sani. Bai sani ba sai ya ji daga bakinku.

Ku dattawan ikkilisiya, kuna da naku. Bulus ya rubuta wa masu bi na Roma su karɓi Fibi su taimake ta (Romawa 16:1-2). Me ya hana ku ba kowane saurayi mai tafiya takarda zuwa ga ikkilisiyar garin da za shi? A Ikko akwai inda ake sujada da Hausa. Inda babu, masu bi suna nan, ko da wane harshe suke waƙa. Ku rubuta sunayen 'yan cin rani na garinku, a riƙa ambatonsu ɗaya ɗaya ran Lahadi. Wanda ya dawo da kaya da wanda ya dawo hannu wofi, a yi musu maraba iri ɗaya, a zaunar da su a benci ɗaya. Zumuntar mata kuma ta riƙa leƙa matar da mijinta ya yi shiru.

A Ayyukan Manzanni 21:3-6 an ba da labarin masu bi na Taya, wani birni a bakin Bahar Rum, ruwan gishiri sosai. Bulus ya yi kwana bakwai tare da su. Ran tafiyarsa suka rako shi har bayan gari, maza da mata da yara, suka durƙusa bisa yashin gaɓa suka yi addu'a. Sa'an nan ya shiga jirgi, su kuma suka koma gida. Ku ba ku da gaɓar teku, amma yashi kam Allah ya ba ku. Bana in an gama girbi, kafin yaro ya ɗauki jaka, ku fito ƙofar gida ku duka, har da ƙannensa, ku durƙusa. Ku karanta Yahaya 21:1-14. Ku ware kuɗin motar dawowa, uwa ta ɗinke masa cikin ƙugun wando, a gaya masa wannan ba na abinci ba ne, ba na ƙugiya ba ne, ba kuma na aike ba.